RA'AYINMU: Ciwon Fata Ba La'ana Ba Ne, Mu Kai Marasa Lafiyarmu Asibiti



A wannan fitowa mun jingine maganar ginin majami'u da ta filin maƙabarta, ko da yake suna nan suna jiranmu, domin mu yi magana a kan wani abin da ya faru a ɗaya daga cikin ƙananan ikilisiyoyinmu na ƙauye. Iyalin sun yarda mu ba da labarin, mu kuma mun yi alkawari ba za mu ambaci suna ko gari ba.

Wani ɗan'uwanmu ne, magidanci, manomi, wanda ya daɗe yana kaɗa ganga a ƙungiyar mawaƙa. Shekara huɗu da suka wuce wasu tabbai masu kauri suka fito masa a gwiwar hannu da ta ƙafa, da farin ɓawo a kansu kamar an barbaɗa toka. Daga nan suka hau kai, suka sauko gadon baya. In ya tashi daga benci sai a ga ɓawon ya zuba. Mutane suka fara matsawa, ana raɗa cewa kuturta ce. Wata rana aka roƙe shi, cikin ladabi dai, ya riƙa zuwa da nasa ƙoƙon ranar Jibin Ubangiji. Bai yi gardama ba. Ya koma bencin baya, daga bencin baya ya koma bakin taga ta waje, daga nan ya daina zuwa sujada. Ba wanda ya kore shi, amma ba wanda ya bi sawunsa.

A gida ya yi abin da yawancinmu za mu yi. Ya sayi man shafawa da ƙwayoyi a kemis, jiki ya yi sumul na ɗan lokaci, da kuɗi suka ƙare ciwon ya dawo fiye da dā. Ya je wurin wanzami aka yi masa tsaga, duk inda aska ta bi sai sabon tabo ya fito. Wani mai gidan addu'a ya sa shi azumin kwana uku ba ci ba sha, ya kuma ce masa zuwa asibiti ƙarancin bangaskiya ne. Da hunturun bara ya kama, fatar ta tsattsage, ƙafa ɗaya ta kumbura tana fitar da mugunya, zazzaɓi da rawar ɗari suka rufe shi. Allah cikin jinƙansa ya kawo wata 'yar'uwa ma'aikaciyar jinya da ta zo gaishe da dangi. Tana ganinsa ta ce a nemo mota a daren nan. Ya yi makonni a gadon asibiti ana yi masa ƙarin ruwa da allurai, sai da aka sayar da sa ɗaya daga cikin shanun nomansa. Likita ya ce ba kuturta ba ce, ciwo ne da ake kira soriyasis, abin da kuma ya kusa kai shi lahira ƙwayoyin cuta ne da suka shiga ta tsagewar fata.

Muna gode wa Allah da ya raya shi. Amma ba za mu ɓoye wa juna gaskiya ba: shekara huɗun nan da ya yi yana shan wahala shi kaɗai, muna da hannu a ciki.

Bari mu fara da sanin ciwon. Fatar mutum kullum tana sabunta kanta, kuma a jikin mai lafiya wannan aiki yana ɗaukar kusan wata guda. A jikin mai soriyasis garkuwar jiki ce take yin kuskure, ta sa fata ta riƙa haifar sabuwa cikin 'yan kwanaki, tsohuwa ba ta kai ga zubewa ba sabuwa ta taso, sai su taru su yi kauri su yi ɓawo. A jikin Bature tabon ja ne, a fatarmu kuwa yakan yi duhu ko ruwan toka, shi ya sa ake ɗaukar sa makero ko kirci ko amosanin kai. Yakan ɓata farce, ga wasu kuma ya kama gaɓoɓi da kumburi da ciwo. Yakan bi jini a wasu gidaje, amma ba kowane ɗa ne yake gādonsa ba. Bushewar hunturu, damuwa, ciwon maƙogwaro, giya, taba, da kowane irin rauni a fata suna tayar da shi, haka ma wasu magunguna irin su kulorokwin.

Abin da ya fi muhimmanci mu riƙe shi ne: ba a ɗaukar sa. Ba ta musafaha, ba ta ƙoƙo, ba ta tabarma, ba ta zaman aure. A shekarar 2014 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince da shi a matsayin ciwo mai tsanani wanda ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, ya kuma ja hankali a kan ƙyamar da ake nuna wa masu shi. Rahoton hukumar na 2016 ya ce aƙalla mutum miliyan 100 ne ke fama da shi a duniya. Ashe ɗan'uwanmu ba shi kaɗai ba ne, kuma ƙoƙon da muka ware masa bai kare kowa daga komai ba.

Ruɗa shi da kuturta tsohon kuskure ne. Likitocin Turai ma sun daɗe a cikinsa, sai a shekarar 1841 wani likita a Biyena mai suna Ferdinand Hebra ya rarrabe su sarai. Kuturta ƙwayar cuta ce ke kawo ta, kuma alamarta ita ce tabo mai haske wanda ba ya jin taɓi. Tabon soriyasis kuwa yana ji, yana ƙaiƙayi, wani lokaci har da zafi. Ko da ma kuturtar ce, tana da magani mai warkarwa, kuma tun 1995 ake bayar da shi kyauta. Saboda haka ko wanne ne daga cikin biyun, amsar ɗaya ce: a je a duba.

Soriyasis ba ya warkewa kwata-kwata, yakan lafa ya dawo, kamar hawan jini ko ciwon suga. Amma akwai magungunan da ke kwantar da shi har mutum ya yi nomansa, ya yi kasuwarsa, ya zauna cikin jama'a ba fargaba. Haɗarin yana cikin barin sa ba magani. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Fata ita ce bangon jiki, in ta tsage ko aka sosa ta har jini, ƙwayoyin cuta sun sami ƙofa. Muna roƙon kowane dattijo da kowace uwa a Zumuntar Mata su haddace waɗannan alamu: wurin ya kumbura, ya yi ɗumi, yana zogi, mugunya ko ruwa mai wari, ɓamɓaroki mai launin zuma, kumburin yana ƙara faɗi kullum, kaluluwa a matsematsi ko hammata, zazzaɓi, rawar ɗari, ko mutum ya fara sambatu. Haka kuma in ciwon ya rufe kusan dukan jiki, fata tana saɓewa, mutum yana jin sanyi ko cikin rana, ko ƙananan ƙuraje masu farin ruwa suka feso ko'ina. Duk wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan, kada ya jira Lahadi, kada ya jira ranar kasuwa. Ƙwayar cutar da ta shiga jini tana iya kashe ƙaƙƙarfan mutum cikin 'yan kwanaki. In miki yana mugunya, a rufe shi da tsumma mai tsabta, a wanke hannu, a ware tawul har ya warke, domin ƙwayar mikin tana iya kama wani, ko da yake soriyasis ɗin ba ya kama kowa.

Muna kuma gargaɗi a kan maganin kan tebur. Yawancin man shafawar da ake sayarwa domin ƙaiƙayi suna ɗauke da sitiroyid mai ƙarfi. A hannun likita magani ne mai amfani, yana faɗin yawan da za a shafa da ranar dainawa. Ba tare da likita ba yana sa fata ta yi siriri, yana kuma ɓoye cutar da ke ci a ƙarƙashi. Ƙwayoyi irin su deksametason da firedinisolon, waɗanda wasu ke sha don ƙiba, sun fi haɗari, domin daina su farat ɗaya yakan sa soriyasis ya fashe a dukan jiki. Wanda ya riga ya daɗe yana shan su, kada ya yanke da kansa, ya kai kwalin wa likita. Akwai kuma metotireksat da likitoci ke bai wa masu ciwo mai tsanani. Sau ɗaya ake shan sa a mako, ba kullum ba, ana kuma gwajin jini a kai a kai, kuma mai ciki ba ta shan sa. Kada wani ya raba nasa da maƙwabci don tausayi. Abin da ba ya cutarwa a gida shi ne wanka da ruwa mai ɗumi-ɗumi ba dirza, da shafa man kaɗanya ko basilin a fatar da ba ta da miki.

To, ina matsayin bangaskiya? Mun yi imani Allah yana warkarwa, kuma ba za mu daina addu'a ba. Amma wanda ya ce asibiti gāba yake yi da addu'a, ba daga Littafi Mai Tsarki ya samo ba. A Littafin Firistoci sura 13, mai ciwon fata kawo shi ake yi a duba shi da kyau, a sake dubawa bayan kwana bakwai, ba a yanke hukunci da raɗe-raɗi. Masana kuma sun nuna cewa kalmar Ibrananci da aka fassara kuturta a wurin ta ƙunshi cututtukan fata iri-iri, har da abin da ke kama tufafi da bangon gida. A 2 Sarakuna sura 20, Allah ya amsa addu'ar sarki Hezekiya, duk da haka annabi Ishaya ya sa a ɗora curin ɓaure a kan marurun. Luka da ya rubuta mana Bishara likita ne. A Yahaya sura 9 Ubangiji ya ƙi yarda a jingina makantar mutum ga zunubinsa ko na iyayensa. A Markus sura 1 ya miƙa hannu ya taɓa wanda kowa ke gudu. Basamariyen da ke Luka sura 10 kuwa ya ɗaure raunuka, ya ɗauki mutumin a kan dabbarsa, ya kuma biya kuɗin jinya daga aljihunsa.

Mu tuna kuma daga inda muka fito. Asibitin Vom tun 1922, gidan kutare na Garkida tun 1929, asibitin Wusasa, da na Galmi a Nijar tun 1950, duk aikin bishara ne. A shekarun 1930 mishan ta karɓi kula da kutare a Yadakunya ta Kano, da Babbar Ruga ta Katsina, da Amanawa ta Sakkwato, kuma da yawa daga cikin masu bi na farko a ƙasar Hausa a waɗannan wurare suka ji Bishara, a hannun masu wanke musu miki. Abin kunya ne jikokinsu su matsa daga benci saboda ɓawon fata.

Mun san dalilan da ke hana mutanenmu zuwa asibiti. Akwai nisa, akwai rashin kuɗi. Akwai kuma tsoron bakin mutane, domin inda muke 'yan kaɗan, rijiya ɗaya da kasuwa ɗaya muke yi da maƙwabta, iyali na gudun a ce gidansu da kuturta, 'ya'yansu su rasa masu aure. Wasu na ɗari-ɗari da asibitin gwamnati don kada a wulaƙanta su saboda sunansu. Mun fahimta, amma asibitin gwamnati na kowa ne, kuma wanda ya je da rakiyar ɗan'uwa ya fi wanda ya je shi kaɗai ƙarfin gwiwa.

Saboda haka muna kira ga majalisun dattawa da abubuwa biyar. Na farko, duk wanda ya yi Lahadi uku ba a gan shi ba, a tura mutum biyu gidansa, su shiga har ɗaki, kada su tsaya a zaure. Na biyu, kowace ikilisiya ta ware wani kaso na baiko domin marasa lafiya, ko da kwanon hatsi ne daga kowane gida a lokacin kaka, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Na uku, a fara da asibiti mafi kusa, in ciwon ya ƙi a nemi takardar turawa zuwa inda likitocin fata suke, kamar asibitocin koyarwa na Kano, Shika ta Zariya, da Jos. Na huɗu, in likita ya ce a gwada suga, ko hanta, ko ƙanjamau, kada a ɗauke shi zargi, aikinsa yake yi, kuma sakamakon sirrin mai shi ne, ba abin sanarwa a majami'a ba. Na biyar, fastoci da masu bishara su faɗi wannan magana daga bagade, su kuma hana duk mai cewa a zubar da magani don nuna bangaskiya. Ranar 29 ga Oktoba ta kowace shekara ita ce ranar soriyasis ta duniya, Lahadin da ta fi kusa da ita za ta dace da wannan koyarwa.

Ɗan'uwanmu ya koma gida, yana zuwa asibiti a ranakun da aka ba shi. Mun ji cewa dattawan ikilisiyarsa sun je sun roƙi gafararsa, kuma a Jibin Ubangiji na watan jiya fasto ya miƙa masa ƙoƙon da kowa ke sha. Muna yaba musu. Amma akwai irinsa a wasu ɗakunan, sun sa riga mai dogon hannu suna jira a tambaye su. Kowane mai karanta wannan shafi ya duba bencin majami'arsu ya ga wurin wa ya daɗe ba kowa.

Ubangiji ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba likitoci da ma'aikatan jinya hikima, ya kuma ba mu zuciyar da za ta tashi ta je. Amin.