Ra'ayinmu: Wasan Kwamfuta da Daren Farko na Sabon Likita

A Birtaniya, Larabar farko ta watan Agusta ce sababbin likitoci ke kama aiki. Wani bincike na Kwalejin Imperial da ke Landan, wanda ya fito a 2009, ya gano cewa mace-macen waɗanda aka kwantar cikin gaggawa a wannan rana ya zarce na Larabar da ta gabace ta da kimanin kashi 6 cikin 100. Ba karatu ne ya yi wa matasan nan ƙaranci ba. Abin da aji bai koya musu ba shi ne ƙarfe biyun dare, lokacin da nas uku ke nemanka a tare: wannan na son a rubuta maganin ciwon kai, waccan ta ce numfashin wani dattijo ya canja, ta ukun kuma ta ce wata mai jego ce ke zubar da jini. Wa za ka fara dubawa?

Wannan giɓi ne wasannin kwaikwayo na kwamfuta ke ƙoƙarin cikewa. Ana zaunar da likita gaban allo, kira na shigowa, agogo na tafiya. Idan ya ɓata lokaci a kan ƙaramin abu, majinyaci ya mutu, sai a koma farko. Babu gawa, babu zaman makoki.

Akwai hujja kuwa. A 2017 mujallar BMJ ta wallafa gwajin masana na Jami'ar Pittsburgh a Amurka, inda likitocin gaggawa da suka buga wasan Night Shift suka raina tsananin rauni a kashi 53 cikin 100 na lokuta, waɗanda aka ba darasin karatu kuma a kashi 64. Sai dai a kwamfuta aka auna su, kuma ba sababbin shiga ba ne.

Masu ɗari-ɗari ma suna da gaskiyarsu. Allo ba ya koya wa yatsa laluben jijiyar jaririn da gudawa ta tsotse, ba ya koya wa baki yadda ake sanar da uba rasuwar ɗansa. Babbar fargabar ita ce mahukuntan asibiti su fake da wasan, su bar yaro shi kaɗai da dare. Birtaniya kanta, a 2012, wajabta wa sababbin likitoci ta yi su bi waɗanda za su gada na aƙalla kwana huɗu, ana biyansu.

Matsayinmu shi ne a karɓi wannan dabara a shekarar horon farko ta likitocin Najeriya, bisa sharaɗi. A gina wasan a kan asibitinmu: wuta ta ɗauke, babu jini a ma'ajiya, 'yan'uwa sun fita neman kuɗin magani. Kuma duk zaman da aka yi, babban likita ya zauna da ƙaramin su bi kurakuransa ɗaya bayan ɗaya. Asibitin da ba zai iya ware wannan babban likita ba, kada ya kashe kuɗinsa a kan manhajar.