Makaho Ma Da Kuɗinsa Yake Saye

Jama'a 'yan'uwa mazauna Kurmi, yau ina so in ja hankalinku kan wani hakki da aka daɗe ana dannewa, wato hakkin makaho ya san ko abincin da ya saya mai kyau ne ko ya lalace.

A kasuwar Potiskum, makaho daga unguwar Bolewa ba ya buƙatar kowa in zai sayi nono ko bandar kifi. Hancinsa ya ishe shi. In wake ne, ya damƙa ya ji ko ƙwari sun huda shi. Amma da zarar an ce madarar gwangwani ko yogot na roba, to, dabararsa ta ƙare, domin an rufe su ruf, ranar lalacewa kuwa da tawada aka buga ta. Sai dai ya dogara ga yaron da ke masa ja-gora, ko ga imanin mai kanti.

Kada a ce ai mutanen kaɗan ne. Binciken makanta na ƙasa da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ya nuna akwai makafi fiye da miliyan ɗaya 'yan shekara 40 zuwa sama, kuma Arewa maso Gabas, inda Jihar Yobe take, ita ce kan gaba, da kimanin mutum 6 cikin 100.

Wasu ƙasashe sun yi nisa. Tun 2005 Tarayyar Turai ta wajabta rubutun makafi a kwalin magani. A Japan ana yi wa kwalin madara ɗan giɓi a ka, don hannu ya bambanta shi da na lemo. A Ingila kuwa wata ɗaliba ta ci kyauta a 2014 saboda ƙirƙiro alamar da daga baya aka kira Mimica Touch: tana da santsi muddin abinci na da kyau, in zafi da daɗewa suka ɓata shi sai ta yi kaushi. Irin wannan ce ta fi dacewa da mu, tun da makafinmu da yawa ba su koyi rubutun makafi ba, ga zafin bazara da ɗauke wuta suna lalata kaya tun ranar da aka buga ba ta zo ba.

Masu masana'antu na Ikeja da Agbara za su ce tsada. To, a fara da mai araha. Giɓi ko ɗigo mai tudu a murfi ba zai karya kamfani ba. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke da ikon tsara abin da za a sa jikin kayan abinci. An kuma sa hannu kan dokar hana wariya ga naƙasassu a 2019. Ya kamata hukumar ta zauna da ƙungiyoyin makafi da sarakunan makafi, ta ji irin alamar da suke so.

Kafin nan, nauyin yana wuyanmu. Da yawanku masu tireda ne, wasu kuma ku ke loda kaya daga Ikko zuwa gida. Kada a tura wa Arewa kayan da kwanansu ya kusa ƙarewa don sun yi araha. In makaho ya tsaya gaban kantinka, karanta masa ranar ko bai tambaya ba. Algus haramun ne, balle a kan wanda ya ba ka amanar idonsa.

Allah Ya sa mu gane.