Ku da Kuke Tare Hanyar Danja

A wani shiri da na gabatar kan yoyon fitsari, wani mai saurare ya bugo waya yana huci. Ya ce gara ƙanwarsa ta zauna da lalurarta da ya kai ta Danja, domin ƴan mishan ne, magani suke ba mutum da hannun dama su karɓe addininsa da hagu. Na tambaye shi ina zai kai ta. Ya ce Allah zai kawo mafita, ya kashe wayar. Da irinsa nake magana yau, kuma suna da yawa.

Danja tana kudu da Maraɗi. Can ƙungiyar mishan ta SIM take da tsohon asibitin kutare, a gefensa kuma aka buɗe cibiyar masu yoyon fitsari a 2012. Aiki ake yi wa mace kyauta. In ta fara warkewa a koya mata ɗinki da saƙa da karatu, don kada ta koma gida hannu rabbana.

Wannan na biyun ne masu sukar ba sa son a ambata. Wacce ta kwana biyu ko uku tana naƙuda, ɗan ya zo ba rai, mafitsara ta huje, ba jikinta kaɗai ya lalace ba. Miji ya sake ta. Furar da take damawa ba mai saye, ƙosanta ba mai taɓawa. An ware mata kwano da tabarma a bayan ɗaki. Ko likita ya ɗinke ramin, talaucin yana tsugune a ƙofar gida. Wacce ta dawo da sana'a kuwa, ko jika guda take samu a mako, ta daina roƙon kuɗin sabulu wurin ɗan'uwan da ke toshe hanci in ta wuce.

Cewa su Kiristoci ne, suna kuma son a san addininsu, ba ɓoyayyen abu ba ne, sunan mishan ma ya faɗa. Ranar da aka ce da wata sai ta bar salla kafin a taɓa ta, ni zan fara kai maganar gaban makirufo. Amma asibitin Galmi yana nan tun 1950, kakanninmu sun kwanta a ciki, iyayenmu sun haihu a ciki, Nijar kuma har gobe ƙasar Musulmi ce. Imanin da allura da zare za su warware, da ma can da sauƙin tsinkewa.

Kuma wa ya jefa yaran nan cikin wannan hali? A ƙasar da kusan uku cikin huɗu na ƴan mata ake aurar da su kafin shekara 18, ba Fada ko Fasto ne ke ɗaura auren ba. Mu ne.

Kada a ce ba mu iya ba. A Maraɗin nan aka fara asusun Mata Masu Dubara a 1991, matan ƙauye suna zuba ƴan dalolinsu mako-mako suna ba juna rance, har wasu ƙasashe suka kwaikwaya. Attajiranmu fa? Suna gasar gina masallaci kusa da masallaci, a yi layin zakka gaban kyamara, a raba turmin atamfa. Keken ɗinki nawa kuɗin hasumiya ɗaya zai saya?

Malam mai waya, in kana karanta wannan, motocin Danja suna nan a tasha. Ka raka ta da kanka, ka zauna a bakin ƙofa ka sa ido, in tsoron da kake ji ke nan.