Rufe Ƙofa Ba Ya Cika Rumbu

A watan Oktoba na shekarar 2024, daidai lokacin da manoman Maraɗi, Damagaram, Tawa da Doso ke ɗaure dammuna suna kaiwa gida, hukumomin Yamai suka fitar da dokar hana fitar da cimaka zuwa ƙasashen waje. Hatsi, dawa, masara, shinkafa da wake duk suna cikin jerin, in ban da abin da za a kai Mali da Burkina Faso. Wanda aka kama ya taka dokar, a ƙwace kayansa, a kuma hukunta shi. Dalilin da aka bayar shi ne a wadata kasuwannin gida, farashi ya sauko.

Babu mai gardama cewa an shiga matsi kafin a kai ga wannan mataki. Takunkumin da ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar daga ƙarshen Yuli na 2023 zuwa Fabrairu na 2024 ya toshe hanyoyin shigo da kaya. Iyakar Benin ta ci gaba da zama a rufe bayan an ɗage shi, shinkafar da ta saba biyowa ta Kwatano ta koma zagayawa ta Lome da Burkina, kuɗin mota ya hau, farashi ya bi shi. Daminar 2024 kuma ta zo da ambaliyar da ta cinye gonaki da gidaje. Ma'aikacin da albashinsa ke tsaye wuri guda alhali buhu na ta hawa yana da hakkin ya yi kuka, gwamnatin da ta ji kukansa kuma ba ta yi laifi ba. Abin tambaya shi ne: sauƙin da aka nema wa mutumin birni, daga aljihun wa za a cire shi?

Amsar tana kasuwar ƙauye a watan kaka. Manomin ƙasar nan ba ya sayar da hatsi don ya yi masa yawa. Yana sayarwa ne don bashin da ya ci da damina ya zo wuya, ga haraji, ga tufafin yara, ga bikin da aka ɗage sai an yi girbi. Kowa ya fito da nasa a lokaci guda, tiya ta faɗi warwas. Wata shida ko bakwai bayan haka, rumbu ya yi ƙasa, wannan manomin dai shi ne zai koma kasuwa ya sayi hatsin da ya sayar, a farashin da wani lokaci ya ninka na kaka. In ba shi da kuɗi, ya ci bashin da za a biya da dami idan an yi girbi, ko ya bar gonarsa cikin haki ya tafi barema a gonar wani. Haka shekara ke juyawa a kansa. Dokar da ta kore masu saye daga waje a tsakiyar kaka tana ƙara danne farashi ne a ɗan lokacin da manomi ke mai sayarwa. Ran da ya koma mai saye, hatsin ya riga ya shige mangazar mai jari, kuma babu dokar da ta ce a sayar masa a farashin kaka.

Batun wake ya fi kowane ɗaure kai. Nijar ce ta biyu a duniya wajen noman wake, bayan Najeriya, kuma abin da ake nomawa ya fi ƙarfin tukunyar gida nesa ba kusa ba. Tun da gyaɗa ta durƙushe bayan farin shekarun 1970, wake ne ya gaje ta a matsayin abin da manomi ke samun kuɗi da shi. A Mayahi, Tasawa, Dakwaro ko Magariya, magidanci na sayar da wake ne domin ya bar hatsinsa a rumbu. Babban mai sayen waken nan kuwa yana kudu: Dawanau ta Kano, Jibiya, Illela, Mai'aduwa, daga can har Ikko da Gana. Mali da Burkina, da aka bar wa ƙofa a buɗe, suna noma nasu. Idan wake ya rasa mai saye, buƙatar kuɗi ba ta gushe ba, sai manomi ya buɗe rumbun hatsi ya auna. Dokar da aka yi don ta tsare hatsi sai ga ta tana fitar da shi daga gidan wanda ya noma shi.

Sannan akwai iyakar kanta. Tsakanin Nijar da Najeriya akwai kusan kilomita 1,500 na fili da gonaki, dangi a wannan gefe, surukai a wancan. Ba a taɓa yin hukumar da ta iya ƙulle ta ba, tun daga Nasara har zuwa yau. Abin da dokar hani ke yi shi ne ta ɗauke kaya daga kan kwalta ta mayar da su hanyar daji, cikin dare, a kan babur da amalanke. Baitulmali ya rasa abin da ya saba karɓa a duwan, kuɗin ya koma hannun mai tsaron shinge. Ƙaramin ɗan kasuwa mai buhu ashirin shi ake kamawa a nuna wa duniya. Mai tirela goma ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Duk abin da aka kashe a hanya kuma, daga farashin manomi ake zare shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma kowace sabuwar dokar hani sabuwar tsaga ce.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne, a cikin ƙasashen yankin nan Nijar ce ta fi kowa buƙatar ƙofa a buɗe. Ƙasa ce da damina ke yi wa gardama shekara bayan shekara, kuma a shekarar giɓi masara da hatsin da ke cike kasuwannin Maraɗi da Damagaram daga Najeriya da Benin suke fitowa. Talakan ƙasar nan ya san haka tun kafin masana su rubuta. A watan Afrilu na 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin Najeriya, daminar shekarar ta ƙi, yunwa ta sauka. Mutane ba su raɗa wa wannan yunwa sunan fari ba, suka kira ta El-Buhari, da sunan wanda ya rufe ƙofa. An sake ɗanɗana irin haka daga Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020, aka kuma sake a 2023. Ƙasar da ta sha wannan ɗaci har sau uku, da wane baki za ta roƙi maƙwabci ya buɗe mata ran da tata daminar ta gaza, in ita ma ta saba rufewa ran da ta samu?

Shekarar 2005 ta isa darasi. Girbin 2004 ya zo da giɓin da bai kai na 1984 ba, duk da fara da ƙarancin ruwa. Amma farashi ya hau a arewacin Najeriya, hatsi ya bi kuɗi ya yi kudu, maƙwabta na yamma kuma suka tare nasu. Buhun hatsi mai kilo 100, da ake samu wajen jika 10 da kaka, ya kai kusan jika 30 a tsakiyar damina. Hatsi na nan jibge a kasuwa, kuɗin saye ne babu. Jihar Maraɗi, wadda ake kira rumbun ƙasa, ita ce ta fi cika asibitocin tamowa, ƙungiyar likitoci ta MSF kaɗai ta yi jinyar yara sama da 60,000 a ƙasar a wannan shekara. Rumbun tsimin ƙasa, da aka tsara zai riƙe kwatankwacin tan 110,000, bai kai rabin haka ba a lokacin da aka buƙace shi. Shugaba Tanja Mamadu kuma ya tsaya kan cewa babu yunwa. Wani zai ce, to ai wannan hujja ce ta hana fitar da hatsi. Sai dai abin da ya ci mutane a 2005 abu biyu ne: maƙwabta sun yi wa Nijar irin hanin da ake yabo yanzu, ita kuma ba ta tanadi abin da za ta zuba a kasuwa ta karya farashi ba. Da rumbun ƙasa cike yake, da ba a kai can ba.

Tarihin manufofin noma a ƙasar nan tafiya ce tsakanin gaɓa biyu. Bayan samun mulkin kai, gwamnati ta riƙe komai: SONARA, da aka kafa a 1962, ita ke da gyaɗa, OPVN kuma, da aka kafa a 1970, aka ba ta cinikin hatsi. Farashin hukuma ya kasance ƙasa da na kasuwa, manomi ya koyi ɓoye kayansa da tsallaka iyaka da su. A shekarun 1980 Bankin Duniya da FMI suka zo da nasu sharuɗɗa, SONARA ta mutu, aka rage OPVN ta koma mai gadin rumbun tsimi, aka ce kasuwa za ta gyara komai. Kasuwa ba ta gyara ba. Shirin "Ɗan Nijar ya ci da ɗan Nijar" na zamanin Shugaba Mahamadu Isufu ya zo da manyan alƙawura, amma bai raba manomi da sayar da arha da sayen tsada ba. A duk waɗannan zamunna abu guda bai sake ba: ana tuna manomi ne ran da birni ya ji yunwa.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Gwamnatin da ke son hatsi ya zauna a gida tana da hanyar da ta fi shinge, wato ta saye shi. A sanar da farashin da OPVN za ta saya tun kafin shuka, a ware kuɗin cikin kasafi, a fito kasuwa a watan Oktoba da Nuwamba, a saya kai tsaye daga ƙungiyoyin manoma, a biya nan take. Sayen da ake jinkirtawa sai Fabrairu ko Maris, a ba wasu ƴan kwangila ƙalilan, ba ya amfanar wanda ya yi noma, kuma shi kansa yana tayar da farashi. Hatsin da aka tara da kaka shi za a fitar da bazara a sayar da rahusa, a gaban idon jama'a, da lissafin da kowa zai iya dubawa: tan nawa ya shiga, tan nawa ya fita, wace gunduma ta samu.

Akwai kuma dabarar da aka gwada a ƙauyukan ƙasar nan tun ƙarshen shekarun 1990, ta kuma yi aiki: manoma su ajiye amfanin gonarsu a mangaza mai kwaɗo biyu, ɗaya a hannun ƙungiyarsu, ɗaya a hannun asusun bashi, a ba su rance a kan kayan, su biya bayan wata biyar ko shida idan farashi ya tashi. Ribar da ke tafiya wurin mai jari sai ta tsaya a ƙauye. Abin da ya hana dabarar yaɗuwa shi ne ƙarancin mangazu da ƙarancin kuɗin rance, kuma waɗannan biyun aikin hukuma ne. Haka nan buhun nan mai ninki uku, wanda masu binciken INRAN na Maraɗi suka taimaka wajen gwada shi, yana tsare wake daga ƙwari ba tare da magani ba. Kuɗin da ake kashewa wajen farautar amalanke a daji, da an sa shi a nan, da ya fi yawan albarka.

In kuwa hani ya zama dole a shekarar tsanani, to ya zo da ƙa'ida. A faɗi ranar da zai fara da ranar da zai ƙare, a kafa shi kan alƙaluman girbi da na farashin da hukumar SIMA ke tattarawa a kasuwanni, a cire wake daga ciki, a kuma zauna da ƴan kasuwa da wakilan manoma kafin a sa hannu. Ɗan kasuwar da bai san abin da doka za ta ce gobe ba, ba ya zuba jari a mangaza ko a mota, sai dai ya nemi riba ta gaggawa. Da Najeriya kuma, kowane irin saɓani ke tsakanin gwamnatoci, cinikin Kano, Katsina da Maraɗi ya girme su duka, kuma yarjejeniya a rubuce kan zirga-zirgar cimaka ta fi wa ɓangarorin biyu amfani da rufe-ni-in-rufe-ka.

Ƴan kasuwa su ma suna da nasu kason. Wanda ke ba da tiya ɗaya da damina ya karɓi biyu ko uku da kaka, da wanda ke ƙulle mangaza yana jiran kukan yara ya ƙara masa farashi, su ne ke ba hukuma hujjar ɗaukar sanda, sandar kuma kan kowa take sauka. Ƙungiyoyin ƴan kasuwa na da ikon tsawata wa nasu, in suna son a saurare su ran da suka je neman a buɗe hanya. Ma'aikaci kuma ya tuna cewa arhar da aka matso daga jikin manomi ba ta daɗewa. Wanda ya yi asara a wake bana zai rage gona baɗi, ƙaninsa kuma zai tattara ya nufi Agadas, Libiya ko Ikko. Buhun da ya yi sauƙi a Yamai wannan shekara, shi ne zai yi tsada shekara mai zuwa, kuma sau da yawa ma'aikacin nan ne za a aiko wa daga ƙauye a ce rumbu ya ƙare.

Masu mulki sun fi kowa sanin nauyin wannan magana. Yunwar 1973 da yadda aka yi da taimakon abinci suna cikin dalilan da sojoji suka bayar ran 15 ga Afrilu na 1974, da suka kifar da gwamnatin Diori Hamani. Tun daga ranar, kowace gwamnati a Nijar ana auna ta da tiya. Dokar hani ba ta cin ko dala, shi ya sa take da sauƙin sa hannu. Cika rumbun ƙasa kuwa yana cin kuɗi, yana son tsari da riƙon amana, kuma a nan ne ake gane gwamnatin da ta ɗauki cikin talaka da muhimmanci. Kaka na zuwa kowace shekara a lokacinta. Abin da manomi ke jira ya gani a kasuwar ƙauyensu shi ne ma'aunin OPVN da kuɗi a hannu, tun hatsi na hannunsa.