Daga Tabarmar Asusu: Yaron da Ba Ya Zama Wuri Guda

A zaman asusu na satin da ya wuce nan Tchaké, bayan an gama zubi, wata daga cikinmu ta ce za ta cire ɗanta daga lakwal. Wai ba ya zama, ba ya jiran a gama tambaya, kullum alli ko kaye ya ɓata. An doke shi har an gaji. Wasu suka ce iskoki ne, wasu suka ce rashin kunya ce.

Mu dakata tukuna. Akwai wata lalura da likitoci ke kira TDAH da Faransanci, wato ƙarancin natsuwa da yawan motsi. Kusan yara 5 cikin 100 a duniya suna da ita, kuma sau da yawa gado ce. A cikin ƙwaƙwalwa akwai sinadarai masu kai saƙo, kamar dofamin da noradiranalin. Su ke taimakon gaban ƙwaƙwalwa ya riƙe hankali a kan abu guda, ya kuma ce wa jiki "tsaya". In saƙon bai isa daidai ba, yaro na iya zama mai basira amma karatu ya riƙa zille mishi. Bulala ba ta gyara wannan, sai ƙara tsoro.

Amma ba kowane ƙiriniya ba ne lalura. Sai abin ya kai wata 6, ana ganin shi gida da lakwal duka. Yunwa, rashin barci, ƙarancin jini ko ciwon kunne su ma suna hana natsuwa.

To, mi za mu yi? Mu kai yaro gidan likita a duba shi. In ta kama, a tura mu Mayahi ko Maraɗi. Kar mu sayi ƙwaya wurin masu talla. Jiki na buƙatar sinadarin ƙarfe don haɗa dofamin, saboda haka mu ƙara wake, zogale, da hanta in an samu. Mu roƙi malami ya zaunar da shi gaba. A gida, aike ɗaya a lokaci ɗaya, in ya yi mu yaba mishi nan take.

Mun yanke shawara: kuɗin mota zai fito daga asusun taimako, yaro kuma ya ci gaba da lakwal. Allah ya raya mana zuri'a. Sai zama na gaba.