Da Tsohuwar Zuma Ake Magani

Ya ɗan'uwa ɗalibi, yawancinmu kwamfutar tafi-da-gidanka da muke riƙe da ita ta hannu ce, wadda wani ya gama morewa a Turai kafin ta iso kasuwa. A ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10. Ita kuwa Windows 11 tana buƙatar ram mai gigabait 4 da wata na'urar tsaro da ake kira TPM 2.0, wadda tsofaffin kwamfutoci da dama ba su da ita. To, shin sai mu yar da su? Ni dai a ganina a'a.

Akwai Linux, manhajar tafiyar da kwamfuta wadda Linus Torvalds ya fara a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan. Kyauta ce, kuma kowa na da ikon dubawa da gyara ta. Tana da nau'o'i marasa nauyi, irin su Lubuntu da Linux Mint Xfce, waɗanda ke tafiya a kan ram mai gigabait 2 kuma ana sabunta tsaronsu.

Ni mutumin Kaboji ne a yankin Kontagora, inda kuɗin karatun ɗa kan fito daga buhun masara da dawa. Manomin da ya sayar da amfanin gona ya saya wa ɗansa kwamfuta ba zai sake sayarwa ba don kawai wani kamfani a Amurka ya canza sharaɗi.

Mu 'yan sashen Hausa muna da wani dalilin. Hausa ba harshen uwata ba ne, koyon ta na yi, don haka na san wahalar rarrabe "baki" da "baƙi", ko "kafa" da "ƙafa". Kundin digirin da babu haruffa masu ƙugiya ya gurgunce. A cikin Linux akwai tsarin madannai na Hausar Nijeriya mai ɓ da ɗ da ƙ, zaɓarsa kawai za ka yi. LibreOffice kuma na adana rubutu a sigar Word ko PDF, yadda mai shagon buga takardu zai buɗe.

Amma fa gaskiya ɗaya ce. Linux ba ta tayar da mataccen batir, wasu manhajojin Windows ba sa aiki a kanta, kuma sauke ta na cin data. Maganin na ƙarshen shi ne mutum ɗaya ya sauke a filash, aji duka su amfana. Ana iya gwada ta daga filash ɗin ba tare da an goge komai ba, sai dai ka kwashe ayyukanka kafin ka ɗora ta.

Ina kira ga ƙungiyar ɗalibanmu da ta ware rana guda kowane zango, a gayyato 'yan sashen kwamfuta su taya mu wannan aiki. Allah Ya ba mu sa'a, amin.