Ɗan Tafa, masanin falsafa da ba ya cikin littafin lise

A Filinge, kamar ko'ina cikin Nijar, ɗalibin lise ba ya samun bakaloriya sai ya zauna jarrabawar falsafa. Yakan haddace Aflaton da Dekart da faransanci, ya komo gida da zaton wanga ilimi Nasara ya kawo shi. Uban da ya saida bisashe a kasuwar Lahadi don ya saya masa littattafai, shi ma haka yake tsammani. Tarihi kuwa bai yarda ba.

A shekarar 1804 aka haifi Abdulƙadir ɗan Mustafa, wanda aka fi sani da Ɗan Tafa, jikan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ta wajen uwa. Mahaifiyarsa Khadija malama ce: ita ta juya Muhtasar na Halilu, babban littafin fiƙihun malikiyya, daga larabci zuwa fulatanci, domin wanda bai ji larabci ba ya san hukunci. Cikin wanga gida na fassara yaron ya tashi.

Yana da shekara kamar 20 ya wallafa Raudatul Afkari, tarihin ƙasashen Hausa. Daga baya ya riƙe makarantar Salame, arewa da Sakkwato, inda ya karantar, ya kuma yi rubutu a kan ruhi da falaki da matsayin hankali, yana auna maganganun masana falsafa da ma'aunin musulunci. Bajamushen matafiyi Barth, da ya gana da shi a 1853, ya ƙidaya shi gaba ga malaman Sakkwato na lokacin. Ya rasu a 1864.

Abin takaici, mafi yawan rubutunsa na nan cikin larabci, ɗan lise bai iya karanta shi, ɗan kasuwa bai ji labarinsa ba. Haka dubban tsofaffin takardu na larabci da ajami suke ajiye a cibiyar IRSH ta Jami'ar Yamai, taskar da Bubu Hama ya aza wa tushe, suna jiran mai juya su.

Aikin da Khadija ta yi shi ne ya rage. Ƙasar Kurfai ba ta rasa malaman zaure masu larabci ba, ba ta rasa ɗiyanta masu digiri ba. Abin da ta rasa shi ne tabarmar da za su zauna tare, da attajirin da zai biya kuɗin ɗab'i. Gadon da magaji bai iya karantawa, gara ke cinye shi.